Rasuwar Delu, Kwamfutar da Rafin Marke Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Injiniya Idris Malami, tsohon ma'aikacin ruwa mai ritaya, mazaunin Kafin Marke ta yankin Dangora a ƙasar Kiru, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, da duk wanda takardar nan ta isa hannunsa, rasuwar kwamfutata, wadda gidan nan ya sani da suna Delu. Ta cika jiya Talata da ƙarfe uku da kwata na rana, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki, bayan jinyar kwana ashirin da uku. Shekarunta goma sha shida a hannuna.

Na san akwai masu cewa ba a yi wa ƙarfe sanarwa. Na tuntuɓi limaminmu kafin in ɗauki alƙalami. Ya ce babu salla, babu likkafani, amma bai ga laifi ga mutum ya faɗi alherin abin da ya yi masa hidima ba. Kuma akwai abin da ya gabata: a shekarar 1979, da famfon farko na garin nan ya daina ba da ruwa, marigayi dagaci ya sa aka yi shela a kasuwa, dattawa suka je suka tsaya a kansa. Ina wurin. Saboda haka ban ƙirƙiro sabon abu ba, kuma ban taɓa ƙirƙirowa ba.

Marigayiya ta iso gidan nan daga Kano a damunar 2009, cikin kwali, a kan cinyata, domin ban yarda a ɗora ta a bayan mota tare da buhunan taki ba. Mai ɗakina, Hajiya Safara'u, ita ta raɗa mata suna. Ta ce tun da ta zo a bayan maza uku, wato janareta da injin ban-ruwa da babur, to Delu ce. Sunan ya bi ta.

Ina ba da shaida, kuma shaidata ba ta taɓa faɗuwa a gaban kowane kwamiti ba, cewa Delu mai haƙuri ce. Ba ta taɓa cinye mini aiki ba. Ba ta san duniyar intanet ba, ba ta kuma nemi ta sani ba. Idan na tashe ta da safe, takan yi "ɗin" sau ɗaya, sa'an nan cikinta ya yi "kir-kir-kir" kamar mai gyaran murya kafin ta gai da babba, daga nan fankarta ta kama numfashi a hankali, "fuuu", har la'asar. Da ita na fitar da faɗin magudanar rake ta mutanen Bebeji. Da ita na gano abin da ya sa rijiyoyi uku na wata unguwa a Tudun Wada suke ƙafewa tare. Da ita na auna wa makiyayan gefen Falgore tsayin ɗan madatsin da shanunsu suke sha har yau. Ardonsu ya aiko da ƙwaryar man shanu, ya ce a ba wa mai lissafin, ban san yadda zan gaya masa ba ta ci ba. Doka ɗaya muka ƙulla da ita tun ranar farko: daga azahar zuwa la'asar, a watannin zafi, ana kashe ta ta huta. Shekara goma sha shida ban karya wannan doka ba. A riƙe wannan magana, za a dawo kanta.

Yanzu ga aikin da ya ci ta.

Kowa ya san Rafin Marke ya raba garinmu da hanyar Dangora. Kwalbatin farko ni na zana shi a 1991, da fensir da littafin jadawali, ya kuma tsaya shekara ashirin da ɗaya. Na biyu wani ɗan kwangila ne ya yi, wanda ba zan ambaci sunansa a takardar makoki ba, ruwa ya ɗaga shi a damunar bara. Wata huɗu muka yi a yanke. Masara ta tsiro a cikin buhu. Da ƙanin limaminmu ya rasu a ƙetare cikin Agusta, mu na wannan gefe muka jeru a bakin gaɓa muna hangen makara daga nesa, ruwa yana ruri a tsakani, babu wanda ya iya zuba masa ƙasa. A ranar ne jama'a suka yi shawarar sake ginawa da hannunsu. An tara siminti da rodi da tsakuwa, suna jibge a zauren dagaci. Abu ɗaya aka nema daga gare ni: in faɗi baki nawa kwalbatin zai yi, da tsawon shimfiɗar simintin da za a yi masa a ƙasa. Na miƙe a gaban taro na ce, kafin ruwan farko za ku sami lamba.

Duka kwalbatocin biyu ba ta sama ruwa ya ci su ba. Ta ƙarƙashi ya ci su. Idan ambaliya ta fito daga bakin kwalbati, takan tarar da kwanar da ke gindin tsohuwar ɗorawa, ta murɗa, wani sashe ya juyo baya yana haƙar ƙasa har ya zare ƙafar ginin. Littafin jadawali bai san irin wannan juyi ba. Shi ya sa na ce a wannan karo Delu za ta kwaikwayi rafin gaba ɗaya.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Ana auna rafi, zurfinsa da faɗinsa da gangarensa, a zuba wa kwamfuta. Ita kuma ta yanka shi gida-gida kamar ragar kamun kifi. Namu ya kai gida dubu ɗari huɗu. Ana yi masa ƙofar shiga a sama da ƙofar fita a ƙasa, a sako ambaliya, a ce mata: lissafa abin da ruwan kowane gida zai yi wa maƙwabcinsa bayan ɗan taku na lokaci, sa'an nan ki sake, ki kuma sake. Idan ruwa mai natsuwa ne, aikin ba shi da wuya. Amma ruwan Agusta ba ya tafiya a layi. Yana murɗawa, yana tafasa, babban juyi yana haifar ƙanana, ƙananan suna haifar waɗanda ido ba ya gani. A irin wannan lissafi, kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba, idan ya sami inda zai riƙa ciyar da kansa, yakan ninka a kowane taku har lambobi su haukace. Mu a aiki muna cewa lissafi ya fashe.

Ciwon ya fara ne a ranar farko. Ambaliyar ƙarya tana tafiya lafiya a kan allo, har ta kai minti na arba'in da ɗaya, wato lokacin da ruwa ya kai ƙololuwa. Nan take saurin ruwan da ya kamata ya zama mita uku a daƙiƙa ya zama talatin, ya zama dubu tara, ya zama lambar da ta fi faɗin allo. Sa'an nan Delu ta cika shafi da wasu haruffa uku, waɗanda ma'anarsu ita ce: wannan ba lamba ba ce. Ta yi "ɗin-ɗin" sau biyu, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta tsaya.

Ban firgita ba. Na yi abin da aka koya mana tun muna ɗalibai: akwai ƙa'ida cewa kada ruwa ya tsallake gida fiye da ɗaya a taku guda, in ba haka ba lissafi ya yi tuntuɓe. Na raba takun lokaci biyu. Aikin yini ɗaya ya zama na kwana biyu. Ya fashe a minti na arba'in da uku. Na sake raba shi. Kwana huɗu tana huci, ya fashe a minti na arba'in da huɗu. Na koma kan ragar, na bi gidajen da suka karkace a jikin bangon kwalbati ɗaya bayan ɗaya, na miƙar da su, na sa manya da ƙanana su riƙa haɗuwa a hankali maimakon babba ya faɗo kan ƙarami. Ya fashe. Na ce wataƙila ambaliyar tana shigowa da garaje, na sa ta riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan kamar mai shiga gidan surukai. Ya jinkirta, ya fashe. Na rage ƙarfin gyaran da take yi wa kanta a kowane zagaye. Ya fashe.

Sale magini ya zo ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya ƙi zama. Ya ce, "Injiniya, ranka ya daɗe, ni ba ruwana da akwatin nan. Baki biyu ko baki uku? Shimfiɗa taku nawa? Ka faɗa mini in kafa katako. Ka ga hadarin da ya taso jiya ta wajen Doguwa kuwa?"

Na ce masa ana kan aiki.

Ya ce, "Ran Talatar ƙarshen wata zan kafa. In babu lamba, irin na da zan yi, tun da shi na sani. Daga nan ina da gini a Tudun Wada, ba za ku sake ganina ba sai kaka."

A nan ne na aikata abin da ya wajaba in faɗa, domin ba a yi wa mamaci ƙarya a takardarsa. Akwai magani da kowane ma'aikaci ya sani, wanda ba a faɗarsa a gaban ɗalibai: a ƙara wa ruwan lissafi kauri na ƙarya. Ruwa mai kauri ba ya murɗawa, lissafinsa kuma ba ya fashewa. Na ƙara. Na sake ƙarawa. A rana ta goma sha biyar, Delu ta kai ƙarshen ambaliya lafiya lau, ta yi "ɗin" ɗaya na gamawa, ta ba ni amsa mai tsafta: baki biyu, shimfiɗa mita huɗu. Na rubuta a takarda, na sa hula, na ɗauki sanda, na kai har zaure. Sai na tsaya, domin na san abin da ke aljihuna. Abin da ya bi ta kwalbatin nan a kan allo ba ruwan Rafin Marke ba ne, kunu ne. Na zana wa garinmu kwalbatin kunu. Na koma ciki na yaga takardar. Wannan kaɗai ne abin da zan iya ɗaga kai a kansa cikin kwana ashirin da ukun nan.

Abin da ya biyo baya ba na ɗaga kai ba ne. Na mayar wa ruwa asalinsa, na raba takun lokaci gida takwas, na ce wa Delu ta tafi kada ta tsaya. Aikin kwana takwas ne, ba dare ba rana. Na karya dokar azahar. A tsakiyar zafin bazara, ɗaki a rufe don kada kaji su shiga, na bar ta tana gudu. Numfashinta ya sauya daga "fuuu" zuwa "garr-garr", kamar mai tari a ƙirji.

Hajiya Safara'u ta shigo da ruwan alwala a rana ta shida cikin takwas ɗin, ta ɗora tafin hannu a bayanta, ta janye da sauri. Ta ce, "Malam, wannan kuka take yi, ba aiki ba. Taɓa ka ji, ana iya gasa masara a kanta. Ka kashe ta ta sha iska."

Na ce saura kwana biyu.

Ta ce, "Kai ka sani. Ni dai na faɗa, Allah shaida ne."

Jiya, ana cikin minti na arba'in da huɗu da rabi na ambaliyar, fankar ta yi "garr", ta yi "ƙit". Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta, da ƙauri irin na roba. Allo ya yi baƙi. Ko "ɗin" na sallama ba ta samu yi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An yi binciken gawa iri biyu. Mudassir mai gyara ya zo daga Tudun Wada a kan babur, ya kwance ta, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce fanka ta tsaya, zafi ya ƙone babban allon ciki, irinsa kuma ba a sayar da shi tun da daɗewa. Ya ce ma'ajiyar bayanai kaɗai ta tsira. Wannan shi ne abin da ya kashe jikinta.

Bincike na biyu 'yata ce ta yi, Dakta Fa'iza, wadda take koyar da ilimin ruwa a jami'a, ta kuma zo gida hutun mako guda. Ta haɗa ma'ajiyar da ƙaramar kwamfutarta ta hannu, ta buɗe bayanan fashewar farko, ba ta ƙarshe ba. Ta sa injin ya nuna mata gidan da lamba ta fara lalacewa. Bai ɗauke ta minti goma ba. Ta juyo da allon gabana. Ɗigon ja guda ɗaya, a layin ƙarshe na ragar, daidai kan ƙofar fita.

Ta ce, "Baba, wa ya ce ka tsayar da rafin a nan?"

Na kau da kai daga allon.

Ta ce, "Ka yanke shi a tsakiyar juyi. Ka gaya wa Delu ta wannan ƙofa ruwa fita kawai yake yi, alhali rabinsa dawowa yake. Ruwa yana shigo mata ta inda aka ce babu shiga, ba ta san daga ina ba, ba ta san da wane sauri ba, sai ta ƙirƙiro. Abin da ta ƙirƙiro ya ƙara ƙarfin juyin, juyin ya ƙara jawo wani. Ko gida dubu ka raba takun lokaci, sai dai ka jinkirta. Dole a matsar da ƙofar fita ƙasa, inda rafin ya miƙe ya natsu. Mita ɗari uku aƙalla."

Na ce babu awon wurin.

Ta dube ni, ta sake duban allo, ta ce a hankali, "Baba, wannan layin gindin ɗorawa ne ko?"

Gindin ɗorawa ne. Kuma ina shaida wa masu karatu cewa ba jiya na fara ganin jan ɗigon nan ba. Na gan shi tun rana ta bakwai ta jinyar. Na gane shi kamar yadda mutum yake gane rubutun hannunsa. Na rufe shafin, na tafi miƙar da gidajen raga.

Manya sun san labarin, amma saboda na nesa zan maimaita. Daga ɗorawar zuwa sama gonar mahaifina ce. Daga ɗorawar zuwa ƙasa fadamar ƙanena ce, Alhaji Gwadabe, ɗan baffana. A 1987 aka yi rikicin iyaka tsakanin gidajenmu, aka sasanta a gaban dagaci, aka ce ni mai ilimin boko in rubuta takarda. Na rubuta ta sashe bakwai, kuma har yau ban ga takardar iyaka da ta kai ta tsari a ƙasar Kiru ba. Sashe na huɗu ya ce: babu wanda zai ƙetare ɗorawa da igiyar awo ko sandar awo, shi ko 'ya'yansa ko wanda ya aika, sai da izinin mai gefen, wanda ya saɓa, igiyarsa ta zama ta mai gefen. Sashe na biyar ya ce: ba a neman izinin ta bakin ɗan aike ko ta wasiƙa, mai nema ya zo da ƙafarsa gindin ɗorawa, a gaban shaidu, ya roƙa da bakinsa. Lokacin da nake rubuta sashe na biyar, fuskar Gwadabe nake gani, domin shi ne na ƙasa, kuma na tabbata shi zai fara bukatar ruwan sama.

Haka kuwa aka yi. A ranin 2003 ya zo da 'yan ƙwadago zai auna inda zai shimfiɗa bututun ban-ruwa. Ya wuce ɗorawa da taku goma, ba fiye ba. Na fito da takarda daga aljihu, na karanta masa sashe na huɗu a gaban mutanen da yake biya, na miƙa hannu.

Ya ce, "Yaya, har igiyar?"

Na ce, "Haka takarda ta ce."

Ya naɗe ta da kansa, ya ɗora mini a hannu. Tumatirinsa ya bushe a wannan shekara. Tun daga ranar, shekara ashirin da biyu ke nan, muna gaisawa a suna da jana'iza, ba ma wuce lafiya lau.

Da na zo awon rafi a watan jiya, na iso gindin ɗorawa, na tsaya. Na gaya wa kaina mita sittin a ƙasan kwalbati sun isa. Na san ba su isa ba. Na koyar da wasu cewa ba su isa ba. Na ja layi a inda gonata ta ƙare, na ce wa Delu nan duniya ta ƙare. Ita kuwa ba ta taɓa musa mini ba. Ta yi kwana ashirin da uku tana neman sauran rafin da na hana ta. Na iya karya dokar hutunta, wadda babu wanda ya san da ita sai ni da ita. Sashe na biyar ne na kasa bi. Rafin Marke aka rubuta a kan takardar nan a matsayin wanda ya kashe ta, domin haka ya fi daɗin karantawa. Masu hankali sun gane.

Na nemi mafita jiya da yamma, kuma zan lissafa su don kada wani ya ɓata lokacinsa yana ba ni shawara. Na ce a ɗauko hoton sama. Fa'iza ta ce hoto ba ya faɗin zurfi. Na ce ita ta je ta auna. Ta tuna mini "shi ko 'ya'yansa". Na ce Sale ya je. Ta tuna mini "ko wanda ya aika". Ban bar ko ƙofar allura a takardar nan ba. Daga ƙarshe, Allah ya yafe mini, na ce to mu kintata, mu zana sauran mita ɗari ukun da ka. Ta rufe kwamfutarta. Ta ce, "Baba, kai ka koya mini ba a sa hannu a kan awon da ba a yi ba. In ka zana, sa sunanka kai kaɗai. Ka je wurin Baffa Gwadabe. Shi ma juyin nan gaɓarsa yake ci, saiwar ɗorawar ma ta fara fitowa waje. Wata damuna biyu, babu iyakar da za ku yi faɗa a kanta."

Marigayiya ta bar allo mai ɗan duhu a kusurwar hagu, wanda tun jiya yake kallona. Ta bar madannai da lamba bakwai ta goge a kansu. Ta bar baturan hasken rana guda biyu, waɗanda suka yi jinya tare da ita, suka kuma rame. Ta bar mayafin atamfa da Hajiya Safara'u ta ɗinka mata. Ta bar ma'ajiyar bayanai, marainiya, mai ɗauke da rabin rafi. Ta bar buhunan siminti a zauren dagaci, waɗanda ba za su jure ɗanshin damuna ba, da gari guda da aka yi wa alkawarin lamba. A cikin akwatin da ke ƙarƙashin teburinta kuma, inda ƙafata take taɓawa kullum ina aiki, akwai igiyar awo ta mita hamsin, mai ƙulli a kowace mita, wadda ba ta marigayiya ba ce, ba kuma tawa ba.

Ga lissafin kwanaki, wanda ba ya bukatar kwamfuta. Yau Laraba. Awon mita ɗari uku yini guda ne, idan aka fara da wuri. Fa'iza ta ce injinta zai so kwana uku, da ɗaya na dubawa, kuma ta roƙi a ƙara mata hutu zuwa Litinin. Sale zai kafa katako ran Talata. Idan ba a yi awo gobe ba, za a sake gina kwalbatin da ruwa ya riga ya san yadda ake cinsa, da simintin da matan garin nan suka sayar da awakinsu aka saya, kuma wani Agustan za mu sake jeruwa a bakin gaɓa. Ba ni da wata rana a ajiye.

Saboda haka ga tsarin jana'iza.

Ba za a binne ta ba. Mudassir zai ɗauki abin da zai amfani wasu daga jikinta bayan an tashi. Kafin nan, gobe Alhamis da hantsi, za a ɗora ta a baro, a lulluɓe ta da mayafinta, a tura ta daga ƙofar gidana a bi gefen rafi. Ni zan tura. Za a sauke ta a gindin ɗorawa, a wurin da na ce mata duniya ta ƙare, domin ta ga da akwai saura. A can za a karɓi gaisuwa, ba a gida ba. Ana roƙon dagaci da liman su halarta, kuma su zo da sanin cewa za a bukace su a matsayin shaidu bisa sashe na biyar. Ba a bukatar kawo abinci. Masu zuwa su zo da takalmin da ba sa jin tausayinsa.

Sashe na biyar ya hana roƙo ta wasiƙa, saboda haka wannan takarda ba roƙo ba ce, sanarwa ce, kuma babu sashen da ya hana a kai wa mutum sanarwar rasuwa. Duk wanda hanyarsa ta bi ta ƙofar Alhaji Gwadabe, ya karanta masa ita tun daga farko, kada ya tsallake 2003. A gaya masa za a shimfiɗa tabarma biyu, tasa a inuwa. A gaya masa yayansa zai tsaya a tsaye, a gefen sama na iyaka, da igiyarsa a naɗe kamar yadda ya naɗe ta, kuma za a mayar masa da ita kafin a ce komai, ko ya ba da izini ko bai bayar ba.

Na bincika duk abin da na sani na tarihin gidanmu, ban sami inda babba ya taɓa tsayawa a rana yana jiran ƙaninsa ba. Wannan karo babu abin da ya gabata. Ba a sa lokacin tashi ba. Ina nan har ya zo. Idan ya yarda, awon yana son mutum biyu: shi ya riƙe bakin igiya a kan tudu, ni in shiga laka da ɗaya bakin. Shekaruna saba'in da huɗu, kuma ban saba da kalmomin ba, don haka na yi ta maimaita su tun asuba a gaban allon da ya mutu, kada murya ta ƙi fita a gaban shaidu: Gwadabe, ga igiyarka. Na yi maka ba daidai ba. Ka bar ni in wuce.

Injiniya Idris Malami
Kafin Marke, ta Dangora
A madadin iyalan marigayiya